Tuzurun da Ya Rantse Sai Ya Noma Pok

Wani ne a nan kwarinmu na gabashin Kentucky, tun zamanin da ba a ja mana ruwan famfo ba, kowane gida da ɗan ɗakin masai na katako a can ƙarshen fili. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yan ƙanwarsa ne ke sayar mana da fetur har yau. Tuzuru ne, ya ba arba'in baya da nisa. Ya yi shekara da shekaru a Ohio yana aiki a masana'antar taya, sai da tsohuwarsa ta rasu ya tattaro ya dawo ya gaji gida da fili. Abu biyu ya taho da su daga birni: injin yanke ciyawa, da wata irin tsafta wadda ni dai ciwo nake kiranta.

Yana sauka ya hau filin da aiki. Tsohon shingen ubansa ya tuge shi, wai ya karkace. Itatuwan tuffa ya sare su, wai suna zubar masa da ganye. Duk abin da ya ɗago kai daga ƙasa ba da izininsa ba, ya bi shi da feshin maganin ciyawa. Har mutum-mutumi ya kafa a tsakar fili, alhali bai shuka ko ƙwayar masara ba, don dai kada tsuntsu ya ɓata masa baranda. Kafin shekara ta zagayo filin nan ya koma kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. In ka wuce da yamma sai ka gan shi tsaye, hannu a ƙugu, yana kallon abinsa shi kaɗai, ko kare babu.

To kaɗaicin nan ne ya fara cinsa, sai idonsa ya faɗa kan Mis Ozella, wadda gidanta ke tsallaken rafi. Mijinta ya rasu a ramin kwal shekarun baya. Ita ke jan waƙa a coci, kuma in ta gasa burodin masara har a bakin titi ake jin ƙamshi. Gogan naka ya kamu, kamu na gaske, irin wanda mutum zai zuba gishiri a gahawa ya shanye bai sani ba. Sai dai ba shi kaɗai ba ne a layi. Akwai Doyle, wani gwauro ƙazami a can saman kwari, wanda matattun motoci suka cika masa fili har ciyawa ta haɗiye su.

Kun san yadda muke yi a nan. Mai neman bazawara ba fure yake kai mata ba, me za ta yi da fure? Ganyen pok yake kai mata, wani ganyen daji da muke ci, na fitowar fari, da zarar sanyi ya janye ƙasa ta ɗau ɗumi. Ba mai shuka shi. Da kansa yake fitowa a gindin shinge da tsohon garke da duk inda ƙasa ke da maiƙo. A tsinko shi yana ɗan tsiro bai wuce taƙi ba, tun karan bai yi ja ba, a tafasa a zubar da ruwan har sau uku, sannan a soya da man alade a fasa masa ƙwai. In ya girma kuwa guba ne, saiwarsa ma ba a zancenta. Wannan ko ɗan yaye ya san shi a kwarin nan, amma mutuminku zaman Ohio ya wanke masa kai tas.

Doyle ya kai nasa a kan kari, cikin jakar takarda. Mutuminku bai samu labari ba sai tsakiyar zafi, lokacin da pok ya fi mutum tsayi, karansa ya yi jajir, 'ya'yansa sun fara nuna. Ya ce ai ba a makara ba. Ya ɗauki shebur ya zaga bayan maƙabartar coci, ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma, ya yi ta haƙa yana zufa har ya ciro shi da saiwa kamar cinyar maraƙi. Ya saɓa a kafaɗa ya tsallake rafi, ganye na jan ƙasa a bayansa.

Mis Ozella na baranda tana ɓarar wake. Ya jibge mata kayan a gaban matakala, ya cire hula.

"Mis Ozella, ga ɗan pok na kawo miki."

Ta dubi abin daga saiwa har kai. "Ɗan pok."

"Na ji an ce na Doyle 'yan mitsi-mitsi ne. Na ce ke ba macen da za a kawo wa ƙanana ba ce."

"Har da saiwa, na gani."

"Har da ita. Ai ita ce mai auki."

Ta ajiye kwanon waken a gefe. "Maƙwabci, tsaya in tambaye ka. Aurena kake nema, ko kashe ni za ka yi ka ci gado?"

Da ta yi masa bayanin abin da ya ɗauko, ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma Mis Ozella ba ta kore shi ba. Gaskiya ma ya fi Doyle kwanta mata a rai: ba ya shan giya, haƙoransa nasa ne, kuma in ya zauna a kujera ba sai an goge ta ba bayan ya tashi. Abin da ya tsaya mata filinsa ne. Ta ce mahaifinta bai taɓa sayen ƙasa ba sai ya ga pok a kanta, don nan ne ake gane mai rai da matacciya, ita kuwa ba za ta bar lambunta ta koma kan matacciyar ƙasa ba.

"In ɗumi ya dawo," in ji ta, "zan zo in ga pok tsaye a filinka da idona, in dafa in ci. In na samu, za mu yi magana. In ban samu ba, Doyle nasa har ta tagar mota yake leƙowa."

Ya ce ta ɗauka an gama. Ta ce ya kwashe gawar nan daga ƙofar gidanta kafin kajinta su taɓa.

Da kaka ta shigo, mutuminku ya ware wuri mafi kyau a gaban gida ya yi kaftu, ya zuba taki, ya ɗaura igiya don kunya ta miƙe sak. Ya bi gefen hanya da bokiti yana tsinko 'ya'yan pok, waɗanda suka nuna suka yi baƙi, har hannuwansa suka rine kamar na mai tawada. Yana durƙushe yana binne su ɗaya bayan ɗaya sai ga Kawu Hobart ya gangaro da sandarsa. Kawu Hobart shi ne tsohon da gidansa ke kan tudu daidai saman filin. Aikinsa zama a kujerar lilo yana taunar taba, kuma babu abin da ke motsi a kwarin nan bai gani ba.

"Me ake shukawa, ɗana?"

"Pok, Kawu."

Tsoho ya juya ya tofar da ruwan taba, ya share baki da bayan hannu.

"Tun ina da gashi nake yaƙi da abin nan da fartanya. Yau ga wanda ya yi masa shimfiɗa har da matashi."

"To ai shi ya sa zai fito da kyau."

"Ba zai fito ba ko da muni. Ƙwayarsa tauri gare ta kamar tsakuwa, ba ta tsagewa sai ta bi ta cikin tsuntsu. Tsuntsu ne manominsa. Ya ci a can, ya zauna kan shinge a nan, ya sauke kaya. Kai kuwa ka tuge shinge, ka sare itace, ka kafa masu ɗan sanda."

Ya nuna mutum-mutumin da sandarsa, ya juya ya hau tudu abinsa.

A ranar gogan ya tumɓuke mutum-mutumi ya jefa a murhu. Ya kafa sanduna ya ja waya a saman kunyoyin, kowace kunya da wayarta, don tsuntsu in ya zauna ya sauke daidai inda ake so. Ya jera faranti cike da 'ya'yan pok, har da kwanon ruwa na kora. Sannan ya laɓe bayan labule yana leƙe. Tsuntsaye kuwa suka zo, har da waɗanda ba a taɓa gani a kwarin ba, suka ci suka yi nak. Amma da alama ba su manta abin da ya yi masu ba. Ko ɗaya bai zauna kan wayar nan ba. Kowanne ya cika ciki sai ya tashi fir, ya tsallake rafi, ya sauka kan igiyar shanyar Mis Ozella.

Ranar wanki ce kuwa. Zannuwan gadonta farare sol suna shanye, har da farar rigar da take jan waƙa da ita ran Lahadi. Kun san launin abin in ya fito daga cikin tsuntsu, ja ne mai duhu, kuma ba sabulun da ke fitar da shi. Da azahar sai ga ta a bakin rafi riƙe da rigar a sama, ba ta ma tsallako ba. Ba ta ɗaga murya ba, hakan ya fi tsorata shi. Ta ce ita pok ta ce ya shuka a filinsa, ba ta ce ya rina mata kaya ba, kuma Doyle ya riga ya yi tayin zuwa da bindiga ya zauna mata gadin igiya duk ranar wanki, da abincin rana a gidanta.

Wannan magana ta abincin rana ita ta hana mutuminku sukuni. Ya kwashe farantan, ya aro kaza wurin Kawu Hobart ya ɗaure ta da zare a tsakiyar kunya yana ɗura mata. Tsoho ya leƙo daga tudu ya ce ya sakar masa kazarsa, ita ƙundunta dutsen niƙa ne, abin da ya shiga gari yake fitowa. Ya hau tudu ya mayar da kaza. A nan ne ya tarar da tsohon ya ɗauki ƙwayar ɗan pok guda daga cikin kwalba, ya jefa a maƙogwaro ya bi da ruwa, yadda tsofaffinmu ke yi wai don sanyin ƙashi.

"Kawu, ashe mutum ma na haɗiya?"

"Ƙwaya ɗaya. Ba a taunawa, ba a ƙarawa."

"Kuma haka take fita, ɗungurungum?"

"Ban taɓa bin sawunta ba, ɗana."

Gogan ya gangaro yana lissafi a ransa. Ciki ai ciki ne. Me cikin tsuntsu yake da shi wanda nasa ba shi da shi? Kuma tsuntsu ɗan mitsitsi nawa zai ɗauka? Shi kuwa ƙato ne, aikin garke guda zai yi a zama ɗaya. Abin da ya fi burge shi ma, shi ba zai tsallake rafi ba, yana da hankali, ya san inda kunyarsa take. Ya kafa buhuna ya kewaye lambun saboda idon Kawu Hobart, ya tsara yadda zai bi kunyoyin a tsanake, daga ta dama zuwa ta hagu. Sai ya koma kicin ya cika kwanon miya da 'ya'yan pok, ya zauna da butar ruwa yana haɗiya kamar mai shan magani, har ya ga gindin kwanon. Ya gyara zama yana jiran lokacin da ya ga dama.

Abin da bai saka a lissafi ba shi ne, ba shi ke zaɓar lokaci ba. Rana ba ta gama karkata ba cikinsa ya yi wata ƙara kamar an tayar da tsohuwar a-kori-kura. Ya miƙe da niyyar ya nufi lambu ta ƙofar gaba, ƙafafunsa suka ce ba su san zancen ba, suka yi ƙofar baya da shi, hanyar masai. Ga shi cikin wandon aikin nan namu mai maɗauri a kafaɗa, ƙarfen maɗaurin kuma ya zaɓi ranar ya cije. Yana gudu yana kokawa da ƙarfe, yana kiran sunan tsohuwarsa. Bai kai ba.

Ya dawo ya canza wando, bai gama zama ba aka sake kira. Ya ranta a na kare. Bai kai ba. Haka ya yini tsakanin ƙofar baya da masai, wani zubin ya ci rabin hanya, wani zubin ya kusa taɓa ƙofar, wani zubin ko matakala bai gama sauka ba. Wanduna suka ƙare ya koma tawul. Lambun da ya kewaye da buhuna kuwa ko leƙa shi bai samu yi ba, bayan gidan kuma da ba a kewaye ba shi ne daidai saitin kujerar Kawu Hobart.

Da la'asar sakaliya tsoho ya gangaro da kwalbar nono. Ya same shi kwance a baranda, ido ya faɗa, ya zabge kamar wanda ya yi wata yana jinya. Ya ɗaga masa kai ya ba shi ya sha, ya ce in ya sake irin wannan sai dai a kira fasto, ba likita ba.

"Kawu," in ji gogan da 'yar muryar da ta rage, "don girman Allah kada wannan ya tsallake rafi."

"Ni ban ga komai ba. Idona ya mutu tun bara." Ya rufe kwalbar. "Amma da na san kana da gudu haka, da na sayar da alfadarina."

Sanyi ya zo, dusar ƙanƙara ta rufe kwari. Mutuminku ya warke a jiki, amma zuciya ba daɗi. Ya san ya yi asarar iri, ya yi asarar wanduna, ga shi ba abin da ya shiga kunyarsa sai ƙwayoyin da aka ce ba za su tsage ba. Ran Lahadi yana zaune a bencin baya yana kallon ƙeyar Mis Ozella tana jan waƙa da tsohuwar riga ruwan toka, sai ya ji ƙwalla na neman zubo masa. Son matar nan yake yi tsakani da Allah, kuma yana ji yana gani za ta tafi gidan da awaki ke kwana a mota.

Ɗumi ya dawo. Kullum da safe yana durƙushe a lambu, hanci kusa da ƙasa, yana neman ko da ɗigon kore. Ba komai, kunyoyi a miƙe sak kamar ranar da aka ja su. A ƙarƙashin igiyar shanyar Mis Ozella kuwa pok ya fito har ba wurin taka ƙafa, tana ta sara tana ambatonsa. Doyle ya wanke wuya ya sayi sabuwar hula, ana ta zancen a kantin gari.

Ran nan ya fito ta ƙofar baya da safe, kai a sunkuye, sai ya yi turus. Daga gindin matakala wasu 'yan tsirrai ne suka jeru, suka miƙe ɗoɗar a kan hanya ɗaya, tsilla-tsilla a farko, cunkus a tsakiya, suka je suka tsaya dab da ƙofar masai. Wannan karon bai yarda da idonsa ba, ya hau tudu ya jawo Kawu Hobart. Tsoho ya sunkuya da ƙyar, ya murza ganye ya ji santsi ba gashi, ya karya kara ya ga ruwa-ruwa da ɗan ja-ja a gindi.

"Pok ne, ɗana. Kuma tun da nake ban taɓa ganin mai ƙiba irinsa ba."

Gogan ya yi tsalle, sai kuma ya tsaya cak, murna ta koma ciki. Ya dubi layin, ya dubi inda ya faro da inda ya ƙare.

"Kawu, anya zan iya ba ta wannan ta ci?"

"Ƙanƙara ta kwana a kai, ruwan sama ya bi, ga tafasa uku na jira. Shi na gindin shingen da kowa ke ci, kana tsammani turare tsuntsu ke zuba masa?"

Ran Lahadi bayan an taso daga coci Mis Ozella ta tsallako rafi da hularta mai fure da kaskonta na ƙarfe a hannu, don ta ce ba ta yarda da kaskon tuzuru ba. Kawu Hobart ba wanda ya gayyace shi, amma an same shi zaune a teburin kicin, har ya saƙala tsumma a wuya. Gogan ya buɗe mata ƙofar baya. Ta tsaya a kan matakala ta daɗe tana kallo. Ta ce ita dai ta ga pok a gindin shinge, ta gan shi a kufai, ta gan shi a kan kabari, amma ba ta taɓa ganinsa ya yi sahu kamar 'yan makaranta ba. Ta tambaye shi me ya sa ya bar lambu mai taki ya zo ya shuka a kan hanya. Ya ce abin ne ya zo masa a gaggauce.

Ta tsinko da hannunta, ta cika kwando. Ta tafasa ta zubar, ta sake ta zubar, ta yi na uku ta tsane ganyen, ta ɗora kasko.

"Mis Ozella, ko a ƙara masa ruwa na huɗu?"

"Uku ake yi tun kakannin kakanni."

"Na sani. Na ce ko don albarkar Lahadi."

"In na ƙara, ɗanɗanon ƙasarka zai tafi. Ni kuwa shi na zo ji."

Kawu Hobart ya ƙware da gahawa, sai da aka bubbuga masa baya.

Man alade ya yi ƙara, ƙwai ya shiga, ƙamshi ya cika gida. Ta zuba wa kowa, ga burodin masara da ta taho da shi da ɗuminsa. Gogan ya ce shi cikinsa bai gama daidaita ba tun kaka, burodi ya ishe shi. Ita kuwa ta ɗebi loma ta lumshe ido, ta tauna a hankali. Ta cinye faranti ta ƙara, ta sa ɓallin burodi ta suɗe. Ta ce na Doyle tsatsa-tsatsa yake yi a baki, wannan kuwa laushi ne da shi da wani garɗi da ba ta san daga ina ya samo ba. Ta ce ta yi wa filin nan mummunan zato, ta janye.

"Kawu Hobart, kai da komai ke wucewa a gabanka, wane irin tsuntsu ne ke sauke iri a miƙe haka?"

"Wani ƙato ne, 'yata. Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa. Ba ya tashi sama, amma a ƙasa ba ki ga gudu ba."

Ta yi dariya ta ce tsohon nan ba ya rabo da shirme. Sai ta goge baki, ta juyo ta dubi mutuminku sosai, har kunnuwansa suka yi ja.

"To maƙwabci, na ce za mu yi magana, ga ta. Ka je ka ga fasto a sa rana. Doyle kuma ni zan gaya masa da bakina, ya mayar da hular kanti ko sa karɓa."

Gogan ya rasa inda zai sa kansa don daɗi. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa ya kama hannun Kawu Hobart yana girgizawa kamar shi ne amaryar. Ya ce duk abin da take so a duniyar nan ta faɗa, ko injin yanke ciyawar ne ya jefa a rafi yanzun nan.

"Bar injinka. Abu ɗaya ne." Ta tashi ta koma bakin ƙofar baya, ta nuna da cokali. "Layin nan ya yi mini gajere. Ina da 'yan'uwa mata huɗu, ga matan coci, kowa sai ta ɗanɗana. Baɗi ina so ka yi mini shi yadda ka yi wannan, da ƙibarsa da komai, amma ya miƙe tun daga nan har bakin rafi. Za ka iya?"

Gogan ya zo ya tsaya kusa da ita. Ya dubi matakala, ya dubi rafin can nesa, ya auna tsakaninsu da ido yana motsa baki. Ya shafa ciki, ya yi ajiyar zuciya irin ta namijin da ya ɗau alkawari.

"Saboda ke zan iya, Mis Ozella. Sai dai a fara ɗauke ɗakin masan nan a mayar da shi bakin rafin."